Bawana Bakano, Bar Turancinka Na "Babu" A Kwari

Bawana Bakano, ga gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa, 'yar kaɗan, don kada kai ya kumbura.

Labari ya iso mana Tarka cewa tun da aka fitar da kundin sake gina ƙasa a Yamai cikin watan Maris na 2025, bakinka ya ƙi rufuwa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki ne. Maganar Hausar ka tsallake ta, ka rungumi ta Ingilishi, wai yanzu Damargu kaf za ta ɗauko allo ta zo ta durƙusa a ƙofar shagonka. An ce har ka fara cigiyar ɗakin haya a Belbeji, za ka buɗe makarantar Turanci, kuɗin wata a gaba. Bakano ke nan. Ko ta'aziyya ya je sai ya tambayi nawa aka sayi yadin likkafani.

To, ba a sayen kaya a ƙulle. Na zauna na tattara duk Turancin da na taɓa ji daga bakinka, wanda ka yi mini a Dawanau, da wanda ka yi mini a Kwari, da wanda kake yi mini ta waya idan ka ga lambata ka rasa hanyar gudu. Da na baje shi sai na ga iri biyu ne kacal. Akwai na cewa abu ba ya nan. Akwai kuma na cewa abin da ba ya nan ɗin dama ba wani abu ba ne. Na "ga shi, karɓi" kuwa ko ƙwara ban tsinta ba.

Mu fara da sarkinsu, mai mulkin ofisoshinku: "nat on sit". Mutum ya kwana a mota daga Damagaram, ya ƙetare iyaka, ya ba da abin da ake bayarwa a shingaye, ya iso ofis da takardarsa a leda. Ga masinja a bakin ƙofa yana yankan farce. Ga ƙofa a buɗe, ga hular oga a kan tebur, ga shayinsa ko hucewa bai yi ba. Ina oga? Nat on sit. Ba a ce ya yi tafiya ba, balle ka koma gida. Ba a ce ba shi da lafiya ba, balle ka yi masa addu'a. Ba a ce ya rasu ba, balle ka yi gaisuwa ka nemi wanda ya gaje shi. Abin da aka shaida maka kawai shi ne sun rabu da kujera, kuma ba wanda ya san ranar biko. Ka zauna har azahar, a ce ya tafi masallaci. Ka zauna har la'asar, a ce ya wuce daga can. Gobe ka dawo, hular tana nan inda ka bar ta, ta fi mai ita zuwa aiki.

Wannan magana ko Baturen Landan ba haka yake faɗa ba. Ku kuka ƙera ta a maƙerarku ta Najeriya, kuka shafa mata fenti, kuke sayar mana a matsayin kayan Ingila. Yanzu har kun juyo da ita Hausa. Mai gurasa a Jakara, wanda duk kujerarsa bulo ɗaya ce, in mai bin sa bashi ya zo sai yaronsa ya gyara murya ya ce, "Ba ya kan kujera."

Zo Tarka ka nemi mutum ka gani. Ba za a fara ce maka komai ba sai an shimfiɗa tabarma an kawo ruwa, in da hali a dama fura. Bayan ka sha ka yi hamdala, sannan a ce maka mai gidan ya bi dabbobi arewa, suna wajen Ingal suna lasar gishiri, sai an cire amfanin gona za su gangaro. Ko a ce ya tafi Jado haƙar zinariya tun bayan Sallah, ga lambar wanda suke ɗaki ɗaya. Ko a ce yana cin rani a Kano, yana tura kurar ruwa a unguwarku, kai ma ka san shi tun da kana riƙe da kuɗin jarkokinsa. A nan wanda ba ya nan an san inda yake, an san abin da ya kai shi, an san watan da za a sa ido. Ƙasa ce mai faɗi, daga wannan rijiya zuwa waccan yini ne, in ka ɓatar da baƙo da amsar banza kana iya zama sanadin ajalinsa. Shi ya sa ba mu koyi wannan wasan ba.

Akwai kuma "ayam komin", wadda kuke faɗa kuna ba mutum baya kuna ƙara sauri. Wannan kam ba zan ɗora wa Bature ba. "Ina zuwa" ce tamu ta gado kuka sa wa kwat.

Sai kashi na biyu, inda ka fi ƙwarewa. "No furobulam." "No kes." "Neba mayin." "Smol tin." Da uwarsu duka, "no wahala", wadda rabinta ma namu ne: kuka ba Turanci aron wahala, kuka riƙe "no" a aljihu don ranar biya. Ka tuna ragunan Layyar bara waccan? Manya, masu ƙaho a murɗe, kiwon hannu, an ba su dusa da harawa tun sanyi. Ka shafa gadon bayansu, ka ɗaga leɓe ka duba haƙora, ka yi tsaki irin na wanda kaya suka yi masa. Aka yi ciniki. Na ce kuɗi fa? Ka ce no furobulam, da an sauke su a Kano zan ji ƙarar waya. Aka sauke su, aka sayar, aka yanka, aka soya, aka ci har ƙashi. Wayata shiru. Na kira, ka ce "no netwok". Na sake kira, ka ce ka tura, banki ne ya riƙe. Da na matsa sai ka yi dariya ka ce, haba ɗan uwa, smol tin.

Nan ne na gane inda cutar take. Mu ma ai muna da tamu, kuma kai ma da ita aka yaye ka: "ba komai". Amma duba bakin da take fitowa. Wanda aka taka wa ƙafa shi ke cewa ba komai. Wanda shanu suka shiga wa gona, bayan dattawa sun zauna an kimanta ɓarna, shi ne yake da ikon ya dubi makiyayi ya ce ba komai, na yafe. Matar da aka fasa wa tulu a bakin rijiya ita ke faɗa, kuma kowa ya san da komai, don sai ta sake bin layi. Kalma ce ta mai haƙƙi, kyauta ce yake bayarwa daga abin da yake nasa. Kai kuwa da ka sami ta Turanci sai ka juya ta. Kai ne mai laifin, kai ne kuma mai yafewa. Kai ka ci raguna, kai ke gaya wa mai raguna cewa ba matsala. Da Hausa kunya ba za ta bari wanda ake bi bashi ya dubi mai kuɗi ya ce masa ba komai ba. Da Turanci kuwa idonka ko ƙiftawa ba ya yi. Ashe amfanin da yake maka ke nan.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ina ruwan Badamarge da wasan Kanawa, ai da Damagarawa kuke yi. Jiharmu Damagaram ce, bawana, kuma abin da uba ya mallaka 'ya'ya duka suna da rabo. In kana musu je ka tambayi tsofaffin Gezawa da Tattarawa inda dawakin Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga suka yi kiwo a zamanin Sarkin Kano Alu. Ranar nan ban ji an ce wani ya ce smol tin ba.

Kuma wai ma wa ya riga wani jin Turancin? A watan Janairu na 1851 ayarin Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko daga Tarabulus ya sauka nan Damargu, don a lokacin duk ayarin da ya fito Abzin nan yake cika taiki da hatsi, mu ne rumbun hanya. A Tagelel suka fara rabuwa. Shugaban tafiyar, Richardson, mutumin Ingila, ya nufi Damagaram. Overweg ya yi yamma wajen Gobir da Maraɗi. Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, shi ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Ka lura? Mai Ingilishin gaske mu ya zaɓa. Ku Bajamushe aka tura muku.

Bar wannan, ɗauki Dorugu. Yaro ne ɗan Dambanas, wajen Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara tare da shi, ya sauka Ingila a 1855. Ya zauna wurin wani malamin mishan mai suna Schön, ya yi ta ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, abin da ya cika littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Lokacin da ɗan ƙasarmu yake yawo a titunan Landan yana hira da Turawa cikin harshensu, kakanka yana Kurmi yana ƙirga wuri. Sai a 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, sai a 1909 Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Wa aka samu a cikin masu taimaka masa? Dorugu, da tsufansa, kuma a can ya rasu a 1912. Wato Turancin da kake shirin kawo mana talla, ɗanmu na cikin waɗanda suka kai muku irinsa. Ba laifinsa ba ne da kuka shuka ya fito "babu" zalla.

Kada ka ce na ɓoye namu. Faransa ma ta bar mana nata gadon. Duk wanda ya shiga lakwal ya san safiyar da mushe, wato malamin aji, ke kiran suna, yara su amsa wa wanda ya bi awaki da ƙarfi: "absan!" Mun san "ya pa" ta ma'aikacin da bai ɗago kai ba, mun san "sa fe riyan", mun san komo gobe. Amma namu a ofis yake kwana. Da an rufe ƙofar meri, ofishin magajin gari, an bar shi a ciki tare da tambari da tawada. Ba za ka ji mai raƙumi a kasuwar Tanut yana yi wa mai saye "ya pa" ba. In kuɗin da ka taya bai yi masa ba, cewa zai yi "albarka". Ka ji yadda ake hana mutum abu: an ƙi sayar maka, an kuma bi ka da addu'a. Almajiri ya tsaya a ƙofa, tukunya wayam, ba a ce masa babu, sai a ce Allah ya ba da haƙuri. Ka tambayi wanda ya yini yana kora raƙumi da igiyar guga, ina gajiya, ya ce ba gajiya. Ka tambayi majinyaci, ya ce da sauƙi. Duk waɗannan ka san su, a gidanku ma haka tsohuwa take yi. Kai ne ka fita kasuwa ka musanya su da na kanti.

Dalilin da ya sa muke lulluɓe ta shi ne mun san ta ido da ido. Ƙasarmu tana bakin inda noma ke ƙarewa, har doka aka yi a 1961 aka ja layin da gona ba za ta wuce ba, arewa da shi na makiyaya ne. Damina wata biyu ce zuwa uku, in ta yi fashin sati uku a tsakiya hatsi ya ƙone a tsaye. A nan babu ba amsar masinja ba ce. Baƙuwa ce mai shiga gida ta zauna, kuma kowane zuwanta sai an raɗa mata suna. Tsofaffi sun ba mu labarin Kakalaba ta wajen 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974, lokacin da masu garke ɗari suka koma riƙe da sanda kaɗai. Ta 1984 kuwa, ka san sunan da aka sa mata? El Buhari. A watan Afrilu na shekarar gwamnatinku ta rufe iyakokin ƙasa, ruwa ya ƙi sauka, dabbobi suna faɗuwa, hanyar kudu da aka saba bi a sayar da saniya a auno hatsi ta toshe. Ba a buɗe ba sai 1986. Bayan wannan fari Buzaye da Fulanin Damargu da yawa suka fara gadi da sayar da shayi a biranenku, waɗanda kake yi wa dariya yau in ka tsaya shan shayinsu bashi.

Kuma don kada ka ce ku kaɗai nake jifa, mafi nauyin "babu" da aka taɓa yi mana daga gida ta fito. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka ta share abin da ya rage. Shekara ta zagayo, a 2005, tiyar hatsi ta gagari talaka, mata suna tafasa ganye, ana auna damtsen yara a cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Damagaram. Cikin watan Agusta shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Ka ga irin taka ce sak: wanda ya ƙoshi shi ke sanar da mai jin yunwa cewa ba matsala. Duk wanda ya ga wannan shekara a Tanut, in mai babbar riga ya ce masa ba komai, rumbunsa yake fara leƙawa.

Ku kuwa naku shugabannin da Turanci suke yi muku, shi ya sa ba ku jin zafin sai daga baya. Ƙarshen 2022 aka ce an canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 tsofaffi su tafi, sababbi kuwa ba su zo ba. Kano guda, cibiyar ciniki, mai kuɗi a banki yana rancen kuɗin cefane wurin mai kayan miya. "No kash" a banki, "no netwok" wurin mai POS, sai da kotun ƙoli ta sa baki a watan Maris. Ba a gama wannan ba, ranar 29 ga Mayu sabon shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi. Kalmomi ne da ba su cika baki ba. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mu ma mun ji a jikinmu, don 'yan ruwa-ruwanmu da man ku suke cika kwalabe, kuma a Maris na 2025 mun yi namu layin a gidajen mai duk da matatar da ke kan hanyar Tanut. Na faɗa da kaina don kada ka ji daɗin faɗa.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne na watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da kuka yi fushi kuka yanke wa Nijar wutar lantarki. Yamai ta ji, Maraɗi ta ji, Damagaram ta ji. A rugagen Tarka kuwa sai a rediyo muka ji wai an hukunta mu, rediyon ma mai batir. Wani dattijo ya tambaye ni, su Kanawan da suka hana mu, yanzu tasu ta zauna ke nan? Na ce a'a Baba, suna nan da janareta. Ya ce to, wanda ba shi da abu ya hana wanda bai taɓa samu ba, Allah ya sasanta su.

Sannan ka dubi takardar da kake yi wa kurari da ita. Da can in Bakano ya zaro naira a kasuwar Bakin Birji sai dillalai su miƙe tsaye. A 2024 jikar sefa ɗaya ta haura naira 2,000. Yanzu kai ne ke bin ɗan canji kana lallashi. Wannan ma smol tin ce?

Duk da haka ban ce kada ka zo ba. Da babu gara ba daɗi, kuma yaranmu suna bukatar Ingilishi, masu zuwa jami'a da masu bin mota Legas da masu neman aiki a wurin mai. Ɗakin da kake nema a Belbeji zan sama maka, kusa da kasuwa, don na san ba ka iya barci in ba ka jin ƙarar ciniki. Abinci fura ce da nono safe da rana, in ka yi ladabi a yanka maka akuya. Ruwa kuwa za a nuna maka rijiya da jaki, ka ga tsawon igiya, ka koyi yin alwala da rabin buta. Amma da sharaɗi. Kafin ka buɗe aji za mu zaunar da kai gaban dattawa, ka karanto mana daga kanka yadda ake cewa "ga kuɗinka" da Turanci, da "ni na yi laifi", da "yana ciki, shigo". In ka kawo su ba tare da ka leƙa waya ba, a ba ka alli. In ka fara inda-inda, akwai gurbin mai kora jakin rijiya, kuma shi wannan aikin ba shi da kujera balle a ce ba ka kanta.

Watan Cika-ciki ya kusa, ka tanadi kuɗin sharata. Sefa nake so, a hannu, a ba direban motar Tanut ya kawo. Kada ka turo ta waya. Ka haɗa da cikon kuɗin raguna, da rawani ɗaya na turkuɗin Kura saboda jiran da ka sa ni, mai sheƙi, ba irin wanda kuke ajiye wa baƙi a ƙasan tebur ba.